Shawarar Rumaisa

Alhamis, 25 ga Mayu, 2023

An raɗa wa yarinyar suna yau. Rumaisa. Sauda ce ta zaɓa tun tana da ciki, ni dai na faɗa wa liman. Inna, mahaifiyata, ta zo daga Ringim tun ranar Asabar, ita ke yi wa Sauda wankan jego.

Mutanen kamfani sun biyo bayan an tashi aiki. Ɗanjuma, wanda muke tsayawa kan duro ɗaya a sashen rinin fata shekara shida ke nan, ya zo da matarsa Asibi, sun kawo sabulu da zani. Wai in ɗauki jaririyar ya yi mana hoto. 'Yar fari, kuma a gaban Inna. Na ce ya bari sai wani lokaci. Ya ce mu mutanen Jigawa kunyarmu ta yi yawa.

Da gida ya yi shiru na leƙa ta. Farin idonta kamar an ɗiga masa rawaya. Inna ta ce shawara ce, yawancin jarirai da ita suke zuwa, ni ma na yi ta, ta wuce.

Asabar, 10 ga Yuni

Kullum da hantsi ana shanya ta a rana. Inna ta haɗa jiƙo. Tana kama nono sosai, ba ta rigima.

Talata, 20 ga Yuni

Na dawo daga wajen aiki a Challawa a gajiye, ina cikin cin tuwo Sauda ta zo ta durƙusa. "Malam, kashin yarinyar nan bai yi mini ba." Wai fari ne kamar ƙullun koko, fitsarin kuma yana ɓata zani kamar shayi. Har ta ɗauko nafkin ɗin za ta nuna mini. Na ce ta kai can, ba ta ga abinci nake ci ba?

Ta ce a kai ta babban asibiti. Na je wajen mai kemis na bakin titin Panshekara, ya ba ni garin gulukos, ya ce a riƙa dama mata.

Juma'a, 30 ga Yuni

An yi layya shekaranjiya. Fatu sun fara shigowa, tirela bayan tirela, warin gishiri da jini har bakin get. Foman ya tara mu ya ce babu mai ɗaukar hutu sai an sauke wannan kaya, mu na rini ma an raba mu zuwa wajen jiƙa.

Inna ta koma gida, an yi arba'in. Sauda ta sake maganar asibiti. Ba ta san cikin gari ba, kuma ba za ta tafi ba da izinina ba. Na ce bayan fatun layya.

Laraba, 19 ga Yuli

Ta yi mini murmushi da safe, ba kowa a ɗakin. Har da ɗan lotsawar kumatu. Yarinyar da ke murmushi haka ai lafiyarta ƙalau.

Sauda ta yi maganar karo na uku. Na ɗaga mata murya. Ban taɓa ba.

Lahadi, 13 ga Agusta

Ɗanjuma da Asibi sun biyo daga coci. Asibi ta karɓi yarinyar tana yi mata wasa, sai na ga ta daina. Ta kai ta bakin ƙofa wajen haske, ta buɗe mata ido da yatsa, ta taɓa cikin. Ta goyi uku, ta san abin da take dubawa. Ba Sauda ta yi wa magana ba, ni ta kalla.

"Baban Rumaisa, shawarar jarirai ba ta kai wata uku. Gobe da safe ku tafi."

Na fara cewa aiki. Ɗanjuma ya ce shi zai tsaya a duron, in foman ya tambaya ya san abin da zai faɗa.

Litinin, 14 ga Agusta

Mun wuni a babban asibiti. Layin kati, layin awo, layin ganin likita. Likita na farko ya kalle ta sau ɗaya ya tura mu sama, wajen masu tiyatar yara. Can muka samu wata mace, Dokta Mubina, siririya mai gilashi, ba ta da yawan magana.

Ta tambaya kwananta nawa. Ni wata nake ƙirgawa. Sauda ce ta ce tamanin da takwas.

Likitar ta ajiye biro. Na ga yadda ta ajiye shi.

An ba su gado. An ɗebi jini a hannun da bai kai babban yatsana kauri ba.

Alhamis, 17 ga Agusta

Sakamako ya fito, da hoton ciki. Zan rubuta yadda ta yi mana bayani don kada in manta, Inna za ta tambaya.

Ta ce mun san maɗaciya? Na ce na sani, wannan 'yar koriyar jakar da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali in an yanka rago don kada ta fashe ta ɓata nama. Ta ce to, hanta ce ke yin ruwan ɗacin nan, maɗaciya ma'aji ce kawai. Akwai siririyar hanya da ruwan ke bi ya sauka hanji. Shi ke taimaka wa ciki narkar da maiƙo, shi ke ba kashi launinsa. Hanyar Rumaisa ta toshe, ta ƙanƙance kamar busasshen zare. Ruwan ba shi da mafita, sai ya koma cikin jini, shi ne rawayan ido. Wanda ya tsaya a hanta kuma yana cin ta a hankali.

Ba nono ba ne, ba jiƙo ba ne, ba wani abu da Sauda ta ci da ciki ba. Har yau masu bincike ba su gama gano abin da ke kawo shi ba.

Aikin da za a yi: a yanke matacciyar hanyar da maɗaciyar, a jawo hanji a ɗinke shi kai tsaye a jikin hanta, ko ruwan zai samu ya tsiyaya. Na ce zai yi? Ta ce aikin ya fi kamawa in an yi shi kafin kwana sittin. Bayan nan, kowane mako da nasa.

Na ƙirga a zuci. Sittin ta cika tsakiyar Yuli.

Ta ce alamar farko ita ce farin kashi. Ni da nake bambance ruwan ƙasa kala goma a jikin fata, Bature ya dawo da kaya in na kuskure da ɗigo ɗaya. An kawo mini har gabana na ce a kai can.

Talata, 22 ga Agusta

Na yi abin da ban so ba yau.

Dokta Mubina ta kira mu ofis da wasu takardu. Wai suna wani bincike a kan yara masu irin wannan ciwo. Suna so, in mun yarda, su ajiye ɗan gutsuren hanta da za a ciro wajen aiki, su kuma yi mana tambayoyi: yaushe aka fara ganin alama, ina aka fara zuwa, me ya hana zuwa da wuri, wa ya yanke shawarar a jira. Ta ce ba dole ba ne, kuma ko mun ƙi, aikin da za a yi mata ɗaya ne.

Wa ya yanke shawarar a jira.

Na ce mata 'yata ba littafin karatu ba ce. Na ce mun kawo ta a yi mata magani, ba a yi jarrabawa da ita ba. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Ta tattara takardun ta ce, "Ba komai, Malam Isyaku. Haƙƙinku ne." Sauda kanta a ƙasa har muka fito.

Alhamis, 24 ga Agusta

Kwana casa'in da takwas. An shiga da ita ƙarfe tara.

Tun asuba aka hana ta nono, tana ta kuka. Nas ta ce baban ya ɗauko ta. Sai na ɗauka. Daga ɗakin yara zuwa ƙofar tiyata tafiya ce mai ɗan tsawo, ta kama wuyan rigata ta yi shiru tana kallon fitilun sama. Ashe haka take, ba nauyi. Wata uku ina gida ɗaya da ita ban sani ba.

Awa biyar. Ɗanjuma ya zo da rana da abinci, ba wanda ya ci. Da muka tashi salla ya zauna yana gadin takalmanmu, bakinsa na motsi, shi ma tasa yake yi.

Likita ta fito da hular aiki a kanta. An yi, an ɗinke. Amma hantar ta riga ta yi tauri. Yanzu sai a zuba wa nafkin ido.

Talata, 29 ga Agusta

Kore. Kashinta ya fito kore-kore yau. Sauda ta kira ni ina bakin duro, na fita waje na zauna a kan buhun gishiri, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Ɗanjuma ya zaci mugun labari ne.

Litinin, 11 ga Satumba

An sallame mu. Magunguna huɗu, kowanne da lokacinsa, na rubuta a bango da alli. Kafin in fita aiki sai na duba nafkin, in na dawo ma shi ne farko. Sauda tana ajiye mini su a bokiti a bayan ɗaki. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba.

Laraba, 27 ga Satumba

Ya fara kodewa. Na kai shi rana na duba, na dawo inuwa na duba. Wataƙila idona ne.

Asabar, 30 ga Satumba

Ba idona ba ne.

Litinin, 16 ga Oktoba

Zazzaɓi mai zafi, mun koma gado. Ƙwayoyin cuta ne suka haura daga hanji zuwa hanta, wai yakan faru bayan irin wannan aiki. Allura ta jijiya kwana goma sha huɗu. Sun rasa jijiya a hannu, sun aske mata gefen kai.

A gadon kusa da mu akwai wata mata daga Dakata da ɗanta, irin ciwon ne, shi an yi masa aiki yana kwana arba'in da biyar. Dubawa kawai suka zo, zazzaɓi kaɗan. Idonsa fari tas. Yana ta jan mayafin uwarsa. Na yi masa addu'a, Allah ya sani na yi. Amma na koma ɗaya gefen gadon na zauna.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Dokta Mubina ta ce in zauna. Duk ranar da ta ce in zauna na san sauran.

Aikin bai kama ba. Abin da ya rage dashen hanta ne, kuma ba a nan ake yi ba, sai an fita waje. Na ce a yanki tawa, na ji ana yi. Ta ce ana yi, uba yakan ba ɗansa, amma ba hantar ce kaɗai matsalar ba. Ta faɗi ƙasashen, ta faɗi abin da tafiyar ke bukata. Na saurara har ƙarshe don ladabi.

Na ce to yanzu me za mu yi? Ta ce a rage mata wahala, a ciyar da ita, a riƙe ta. "Ku riƙa ɗaukarta da yawa," in ji ta.

Lahadi, 10 ga Disamba

Ƙaiƙayi ya hana ta sakat. Ta yakushe kunnuwanta har jini, Sauda ta sa mata safa a hannu. Cikin ya kumbura yana sheƙi, ƙafafu kamar tsinke. Launinta ya wuce rawaya yanzu, ya koma wani kore-kore mai duhu.

Amma in na kaɗa mata makullan loka na kamfani tana dariya. Dariya sosai, har da shaƙewa. Na yi ta kaɗawa har hannuna ya gaji.

Lahadi, 14 ga Janairu, 2024

Inna ta zo. Da ta ga yarinyar sai ta fita tsakar gida ta zauna a kan turmi. Na same ta tana share ido da bakin zani. Ta ce ita ce, ita ta ce shawara ce za ta wuce, ita ta ba da jiƙo. "Da na yi shiru, Isyaku, da kun tafi."

Na ce mata likita ta ce ba jiƙo ba ne. Iyakar abin da na ce ke nan. Sauda tana bakin murhu, tana jinmu. Na bar tsohuwa ta hau mota da wannan kaya a kanta.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Rumaisa ta rasu yau da hantsi, a asibiti, a hannun uwarta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Aman jini ne ya fara tun ranar Alhamis. Sun yi ƙoƙari. Ban iya rubuta wannan ba tukuna.

Ni na ɗauke ta zuwa maƙabarta, wani kawuna ya miƙo hannu na ƙi. Ɗanjuma ya biyo mu har bakin ƙofa ya tsaya, da hularsa a hannu. Da muka fito yana nan inda muka bar shi.

Masu gaisuwa suna ta cewa kwananta ne ya ƙare. Na sani. Na yarda. Amma akwai ranar ashirin ga Yuni, ita ma ina da ita.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Sauda ta tafi Ringim, ita ma 'yar can ce, wai ta ɗan huta a gidansu. Ban hana ba, ba ta faɗi ranar dawowa ba. Ta wanke kayan yarinyar duka ta ninke ta sa a ƙasan akwati.

Da za ta zage ni sau ɗaya da na samu sauƙi. Tun Agusta nake jira. Ba ta taɓa cewa "na faɗa maka" ba. Abinci a kan lokaci, ruwan wanka, sannu da zuwa. Shi ke nan.

Talata, 5 ga Maris

Na je asibiti. Na gaya wa kaina katin yarinyar zan mayar, alhali ba wanda ya nema.

Dokta Mubina ta yi mini gaisuwa. Na ce takardun nan na kwanaki, suna nan? Ta dube ni ta cikin gilashi, ta jawo durowa. Gutsuren hantar da aka gwada lokacin aiki yana ajiye a ɗakin gwaji, ba su sa shi cikin binciken ba tunda na ƙi. Na sa hannu. Ta ce sai ta kira Sauda ita ma ta ji daga bakinta.

Sai tambayoyin. Yaushe aka fara ganin farin kashi: kwana talatin da uku. Wa ya gani: uwar. Ina aka fara zuwa: kemis. Da ta zo kan waccan tambayar, ta wa ya yanke shawarar a jira, ta ce ana iya tsallakewa. Na ce a'a, ta rubuta. Uban ne. Sau uku aka roƙe shi. Ta rubuta, ba ta ɗago ba, na gode mata da hakan.

Na tambaye ta abin da ya kawo ni. Da na kawo ta ranar, da tana nan?

Ta ce, "Ban sani ba, Malam Isyaku. Akwai waɗanda ake yi wa da wuri kuma bai kama ba. Amma da damarta ta fi haka. Ba zan ɓoye muku ba."

Ta ce a cikin yaran da ta rubuta zuwa yanzu, waɗanda suka iso kafin kwana sittin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kusan kowace uwa ta gani da wuri. A hanya ake tsayawa. Shi ya sa take tambayar, ba don ta kama mai laifi ba, so take ta san wa za a je a yi wa magana. Ta ce ko wata rana zan yarda in yi wa maza 'yan'uwana bayani a kamfani. Na ce ni ba mai magana ba ne.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na je Ringim yawon salla. Na faɗa wa Inna komai, da ranaku, a gaban Sauda da ta zo gaishe ta. Inna ta yi ta kallon tabarma. Daga baya ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Sauda ta rako ni zaure. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun tuni, yafiya ba ita ce wahalar ba. Ɗakin ne ba ta iya shiga ba har yanzu. Na fita na hau mota.

Talata, 7 ga Mayu

Ba wani abu, takardar gargaɗi aka ba ni a wajen aiki, ta farko a shekara bakwai. Na bar duro yana juyawa na fita.

Lokacin cin abinci ne, a rumfar mai shinkafa da wake. Kamilu na sashen gishiri, mutumin Damagaram, yana ba da labarin ɗansa, wai har yanzu shawara ba ta sake shi ba, amma ana shanya shi, za ta wuce. Ni dai ina cin abincina. Ban san lokacin da na tambaye shi launin kashin yaron ba. Duk rumfar aka yi dariya. Ya ce shi ina ya sani, wannan ai sai mata. Na ce ya kira matarsa. Ya ga ba wasa nake ba, ya kira.

Ta ce fari-fari ne.

A unguwar Na'ibawa suke zaune. Shi bai san asibitin ba, ba ya jin Turanci, kuma layin kati kaɗai zai cinye masa yini. Ni na san ƙofar da ake bi. Don haka ne kawai. Na miƙa su hannun nas, na tsaya a baranda, ban shiga ɗakin yaran ba. An ba su gado, gobe hoton ciki. Wataƙila ma ba shi ba ne.

Da yamma na kira Sauda, ban san dalili ba, na ba ta labarin. Sai ta ce kwanan yaron nawa.

Ashirin da shida.

Ta ce, "To."

Can kuma ta ce matar Kamilu tana da mai kai mata abinci? Na ce ban tambaya ba. Ta ce ai ba zan tambaya ba. Ta ce in samo mata lambar.